Ɗalibanmu na kwamfuta da shirun da ke kayar da su a intabiyu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana da ɗaliban kimiyyar kwamfuta na jiharmu, waɗanda ke Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Al-Qalam, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, da kwalejojin fasaha na Katsina da Daura, tare da malamansu da iyayensu. Maganar ta shafi ranar da ɗalibi zai zauna gaban masu tantancewa yana neman gurbin horon sanin makamar aiki a kamfanin da ke rubuta manhaja, da kuma irin shirin da ya kamata ya yi kafin wannan rana ta zo.

Ni haifaffen birnin Katsina ne, kuma na yi shekaru ina aikin rubuta manhaja a wani kamfani a Abuja, inda sau da yawa akan sa ni cikin waɗanda za su yi wa ɗalibai masu neman horo tambayoyi. Akwai ranar da ba na mantawa da ita. Wani saurayi ɗan jiharmu ya shigo, ya gaishe mu da ladabi, aka ba shi matsala ya warware, sai ya sunkuyar da kai a kan kwamfuta ya yi tsit. Abokin aikina ya tambaye shi ko ya fahimci abin da ake nema, ya ce e. Bayan wani lokaci ya sake tambayarsa ko akwai inda ya maƙale, ya ce babu. Kusan minti ashirin muka yi muna kallon ƙeyarsa, sannan ya ɗago ya nuna mana amsa, kuma amsar daidai take. Da ya fita, abokin aikin nawa ya ce shi bai san abin da zai rubuta a takardar sakamako ba, domin bai ga yadda yaron ya kai ga amsar ba, bai kuma san ko haddace ta ya yi ko tunaninsa ne ya kai shi. A ranar ce kuma wata ɗaliba daga kudu ta zo, ba ta ma kammala warware matsalar ba, amma tun daga farko har ƙarshe tana faɗin abin da take gwadawa, da dalilin da ya sa ta bar wata hanya ta kama wata, kuma da aka nuna mata kuskurenta ta karɓa nan take ta gyara. Ita aka ɗauka. Na yi ƙoƙarin kare ɗan garinmu, amma a zuciyata na san hukuncin bai zalunce shi ba.

Na san inda shirun nan ya samo asali, domin ni ma a cikinsa na tashi. An tarbiyyantar da mu a kan cewa yaro ba ya yawan magana a gaban babba, ba ya kallonsa ido cikin ido, ba ya mayar da tambaya ga wanda ya tambaye shi, kuma faɗin "ban gane ba" a gaban baƙo abin kunya ne. Tarbiyya ce mai kyau, ba na kuma fatan mu rabu da ita. Sai dai ina tunatar da ɗalibanmu cewa a cikin al'adarmu ɗin akwai wurin da shiru ba ladabi ba ne. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san cewa malam ba ya ba ka izinin wanke allo don kawai ka ce masa ka iya. Sai ka durƙusa ka biya masa da murya, ya ji inda ka ja da inda ka yanke, ya gyara maka wasali, ka maimaita. Wanda ya zauna gaban malam yana motsa leɓe kawai, ko da ya haddace, ba a san ya haddace ba. Intabiyun aikin manhaja irin wannan zama ne. Mai tambayar yana so ya ji yadda kake biya karatunka, domin idan an ɗauke ka zai kwashe watanni yana aiki tare da kai, kuma babban abin da yake tsoro shi ne ɗalibin da zai maƙale kwana uku a kan abu guda bai gaya wa kowa ba.

Yawancin kamfanoni suna bi ne mataki-mataki. Da farko su duba takardar bayanin ɗalibi, wadda ake kira CV. Idan ta gamsar, sai su aiko da jarrabawa ta intanet mai ƙayyadadden lokaci, galibi ta shafuka irin su HackerRank. Wanda ya tsallake sai a gayyace shi zama da injiniya ɗaya ko biyu na tsawon minti 45 zuwa awa ɗaya, ko dai a ofis ko ta Zoom ko Google Meet, a ba shi matsala ya warware suna kallo. Daga ƙarshe akwai hira a kan halayya da mu'amala. Ƙananan kamfanonin gida sukan haɗa duka a zama guda, wasu kuma su ba ka ɗan aiki ka je gida ka yi ka dawo ka yi bayaninsa.

Bari in kawo misalin irin tambayar da ake yi, domin a ga abin da nake nufi da biya karatu. A ce an ba ka jerin farashin kayayyaki 1,000 na wani shago, an ce ka nemo kaya biyu da idan aka haɗa kuɗinsu zai zama naira 5,000 cif. Ɗalibin da ya shirya ba ya fara rubutu nan take. Yakan fara da tambaya: shin jerin a tsare yake daga mai araha zuwa mai tsada, ko a hargitse? Shin za a iya ɗaukar kaya ɗaya sau biyu? Idan babu kaya biyun da suka cika sharaɗin, me ake so manhajar ta ce? Waɗannan tambayoyin ba rashin sani suke nunawa ba, kuma wasu masu tantancewa da gangan suke barin tambayarsu a dunƙule don su ga ko za ka nemi ƙarin bayani. Bayan haka sai ya faɗi hanya mafi sauƙi a fili, wato a ɗauki kowane kaya a gwada shi da duk sauran, ya kuma ƙara da cewa wannan zai yi aiki amma zai iya kai wa gwaji 499,500, kuma idan kayan suka ninka sau goma, gwajin zai ninka kusan sau ɗari. Daga nan sai ya ce bari ya nemi hanyar da ta fi: yayin da yake bin jerin, idan ya tarar da kayan naira 1,800, abin da yake buƙata shi ne na naira 3,200, don haka zai riƙa ajiye duk farashin da ya riga ya gani a cikin ma'ajiyar da ake samun abu a cikinta kai tsaye ba tare da an bi ta ɗaya bayan ɗaya ba, irin wadda masu rubuta manhaja da yaren Python ke kira ƙamus, ya riƙa duba ko abokin haɗin ya riga ya shiga. Ta haka sau ɗaya kawai zai bi jerin, abin da ya biya shi ne ɗan ƙarin wurin ajiya. Sai bayan ya faɗi duk wannan, mai tambayar ya gyaɗa kai, sannan ya sa hannu a kan madannai. Idan ya gama kuma, ya ɗauki ƙaramin misali na kaya huɗu ko biyar ya bi rubutunsa layi-layi da baki, ya gwada abin da zai faru idan jerin babu komai a cikinsa. Ɗalibin da ya yi haka, ko da lokaci ya ƙare masa kafin ya rubuta layin ƙarshe, ya riga ya nuna abin da aka zo gani.

Idan kuma ka maƙale, ka faɗa. Ka ce, "Na gwada kaza, ga inda ya tsaya, ina tunanin ko matsalar daga nan take." Mafi yawan masu tantancewa suna da ɗan haske da suka tanada don su ba wanda ya maƙale, amma ba za su iya miƙa shi ga wanda ba su san inda yake tsaye ba. Haka nan idan aka tambaye ka abin da ba ka taɓa ji ba, ka ce ba ka san shi ba, sannan ka faɗi abin da ka sani mai kama da shi. Na sha ganin ɗalibi yana kame-kame a kan abin da bai sani ba, alhali wanda ke tambayarsa da wannan abin yake cin abinci kullum.

Game da abin da za a karanta, shawarata ita ce ɗalibi ya riƙe yaren rubuta manhaja guda ya iya shi sosai, Python ne ko Java ko JavaScript, maimakon ya jera bakwai a takardarsa alhali babu wanda zai iya rubuta layi ashirin da shi ba tare da ya leƙa intanet ba. Duk abin da ka rubuta a CV ka ba da izinin a tambaye ka a kansa. Sannan ya ƙware a kan tushe: jeri da yadda ake tsara shi, ƙamus, sarrafa rubutu, ɓangaren manhaja da ke sake kiran kansa don warware matsala kashi-kashi, da ɗan abin da ya shafi rumbun bayanai da SQL, yaren da ake neman bayanai da shi a cikin rumbun. Ya kuma iya faɗin yadda aikin manhaja ke ƙaruwa idan bayanai suka ƙaru. Misali, neman suna a cikin rajistar da aka tsara bisa haruffa, idan kana buɗe tsakiya kana watsar da rabin da sunan ba ya ciki, ba zai wuce mataki 20 ba ko da sunayen sun kai miliyan ɗaya, alhali bin su ɗaya-ɗaya zai iya cin mataki miliyan. Shafin LeetCode yana da tambayoyi masu yawa na gwaji, amma ina gargaɗi a kan yadda wasu ke amfani da shi. Mu mutane ne masu ƙarfin hadda, kuma jarrabawoyin makaranta sun saba mana da cewa wanda ya mayar wa malami abin da ke cikin takardar darasi shi ke cin maki. A intabiyu kuwa, da zarar mai tambaya ya ji ƙamshin hadda sai ya sauya sharaɗi ɗaya, ya ce to idan kaya uku ake nema fa, nan take sai a ga gini ya rushe. Tambaya ɗaya a rana, wadda ka yi fama da ita rabin awa kafin ka duba amsa, kuma ka dawo mata bayan mako guda ka sake warware ta daga farko, ta fi goma da ka karanta amsoshinsu ka wuce. Wannan gargaɗin ya shafi ChatGPT da ire-irensa, waɗanda tun ƙarshen 2022 suka zama abokan aikin gida na ɗalibai da yawa. Ba na hana amfani da su, ni ma ina amfani da su a wurin aiki. Amma wanda ya bari suka rubuta masa komai, ranar da aka nuna masa layi guda aka ce me ya sa ka rubuta shi haka, ba shi da mai ceto.

Abu na gaba da nake so ɗalibi ya shiga da shi shi ne aiki ɗaya na hannunsa wanda ya kammala, komai ƙanƙantarsa. Masu tantancewa sun gaji da ganin manhajoji iri ɗaya da aka kwafo daga darussan YouTube. Abin da ke tsayawa a rai shi ne aikin da ya fito daga wata buƙata ta gaske. A gidajenmu akwai uwar adashi da ke riƙe da lissafin mutum talatin a littafi, wa ya zuba, wa ya yi jinkiri, kwasar wa ce a wannan mako. Akwai mai shagon da ke rubuta bashi a bayan kwali, akwai makarantar Islamiyya da ke tattara kuɗin wata da sakamakon jarrabawa da hannu. Ɗalibin da ya rubuta ƙaramar manhaja don ɗaya daga cikin waɗannan, ya kai wa mai ita ta gwada, ta ce masa rubutun ya yi ƙanana ko kuma ba ta da data kullum, ya koma ya gyara ta yadda za ta yi aiki ko babu intanet, ya samu labarin da zai cika rabin intabiyu. Idan aka tambaye shi wata wahala da ya taɓa fuskanta da yadda ya fita daga cikinta, ko wani lokaci da aka soki aikinsa, ba sai ya ƙirƙiro ba. Ya kuma ajiye aikin a GitHub, shafin intanet da masu manhaja ke ajiye ayyukansu, ya koyi amfani da Git, kayan aikin da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005 don adana tarihin sauye-sauyen manhaja, domin da wuya ka sami kamfanin da ba ya aiki da shi, kuma tarihin da ke nuna ka gina abu sannu a hankali cikin makonni shaida ce da ta fi duk wani yabon kai.

Sai maganar Turanci, wadda na san tana cikin abin da ke ɗaure harshen wasu. Ɗalibi yana jin tsoron a yi masa dariya saboda lafazinsa, sai ya zaɓi yin shiru. A shekarun da na yi ban taɓa ganin an ƙi ɗaukar mutum don ya furta harafi irin na Bahaushe ba. A wannan sana'a kowa da irin harshensa, Ba'indiye da nasa, Bayarabe da nasa. Abin da ake buƙata shi ne a fahimce ka. Hanyar da na ga tana aiki ita ce ka fara yi wa ƙanenka ko ƙanwarka bayanin yadda ka warware matsala da Hausa, har sai sun gane, domin abin da ba ka iya faɗa da harshen uwarka ba, ba Turanci ne ya hana ka faɗinsa ba. Bayan haka ka sami abokin karatu ku riƙa yi wa juna intabiyu da Turanci, ɗaya ya zama mai tambaya, a sa agogo minti 45, babu wasa babu dariya, sannan a sauya. Zaman farko zai yi nauyi, za ka ji kamar mahaukaci kana magana kana rubutu. Zuwa zama na biyar ko na shida bakin zai saba.

Idan ta intanet za a yi, akwai abubuwan da wanda ke Legas ko Landan ba zai yi maka uzuri a kansu ba. Ka cika cajin kwamfuta da waya tun da dare, ka tanadi layi na biyu na wani kamfanin sadarwa da data a ciki, ka gwada murya da kyamara da wani aboki kwana ɗaya kafin ranar, ka kuma sanar da mutanen gida don kada a aiko yaro ya kira ka a tsakiyar zama. Ka tabbatar da agogon da aka ba ka lokaci da shi, domin agogon Ingila yana daidai da namu ne daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watannin kuwa muna gabansu da awa ɗaya. Idan lokacin ya faɗa a kan sallar Juma'a, ka rubuta cikin ladabi ka nemi a sauya tun da wuri, abu ne da ake yi ba tare da wata matsala ba.

Malam Edita, dole in taɓo tsarin horon ɗalibai na SIWES, wanda hukumar horar da ma'aikata ta tarayya, wato ITF, ta ƙaddamar a 1973 domin ɗalibai su taɓa aiki da hannunsu kafin su kammala karatu. Manufar tana da kyau, amma kowa ya san yadda wasu ke yi da ita: a nemi wani kawu ya samo wuri a ofishin da babu aikin manhaja ko kaɗan, ɗalibi ya riƙa leƙawa sau ɗaya a mako, a ƙarshe a buga masa hatimi a littafin rahoto. Wanda ya yi haka ya zubar da watannin da suka fi kowane zango daraja a karatunsa, kuma ya kauce wa intabiyu a lokacin da faɗuwa a cikinsa ba ta da tsada. Gara ɗalibi ya nemi wuri goma, a ƙi shi a tara, ya koyi wani abu daga kowace faɗuwa. Ƙofofin ma sun fi yadda ake zato yawa. Akwai shirin 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ta fara a 2023 da nufin horar da mutum miliyan uku a fannonin fasaha. Akwai horon HNG da ake yi ta intanet, inda ake tace mahalarta mataki bayan mataki. Akwai Google Summer of Code, wanda aka fara tun 2005, da Outreachy, waɗanda ake shiga daga gida kuma ake biyan alawus, inda abin da ake dubawa shi ne gudummawar da ka bayar ga manhajojin da kowa ke iya gani ya gyara. Shi Outreachy ɗin nan ina jawo hankalin iyayen ɗalibai mata gare shi, musamman waɗanda ba su da natsuwar barin 'yarsu ta tafi Abuja ko Legas wata shida. Manyan kamfanonin waje kuwa sukan buɗe neman gurbi watanni da yawa kafin lokacin horon, saboda haka wanda ya jira sai an ba shi takardar SIWES a hannu ya riga ya makara gare su. Kuma duk wanda ya ce ka biya kuɗi kafin a yi maka intabiyu, ko ya nemi lambar BVN ɗinka ta WhatsApp, ka rabu da shi.

A ƙarshen kusan kowane intabiyu akan ce wa ɗalibi ko yana da tambaya, kuma a nan ma 'ya'yanmu sukan ce babu, suna ganin hakan ne ladabi. Ka tanadi biyu ko uku: wane ne zai riƙa duba aikina, wane irin aiki waɗanda suka gabace ni suka yi, da me zan karanta kafin in fara. Maganar alawus ma ba rashin kunya ba ce idan aka zo gaɓarta, domin wanda zai bar Katsina ya zauna a Abuja dole ya san abin da zai ci da inda zai kwana.

Roƙona ga shugabannin sassan kimiyyar kwamfuta na makarantunmu shi ne su ware yammaci ɗaya a mako, a zangon da ke gaban fita horo, inda kowane ɗalibi zai tsaya gaban allo ya warware matsala guda da murya, 'yan ajinsa suna yi masa tambayoyi. Wannan ba ya buƙatar sabon ɗakin kwamfuta ko kasafin kuɗi, allo da alli sun isa. Akwai tsofaffin ɗalibai 'yan jihar nan da ke aiki a Kano da Kaduna da Abuja da Legas, har da ƙasashen waje, waɗanda na tabbata za su ba da awa ɗaya ranar Asabar su yi wa ƙannensu intabiyun gwaji ta waya idan aka neme su. Ni dai ina cikinsu, kuma duk sashen da ke so zai iya nemana ta hannun wannan jarida.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wani mai aikin manhaja,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.